Kunnen Ammi Fu'ad

Mutumin da ya kawo ni Jidda a gindin wata gada ya bar ni, a unguwar Sharafiyya, ya ce in jira shi ya sayo mana ruwa. Sunansa Alhaji Mamman, ko in ce sunan da ya ba mu ke nan tun a Funtuwa. Shi ya yi mini bizar umara, shi ya ce akwai shagon gyaran rediyo da ke jirana da zarar mun sauke ibada, fasfo ɗina ma yana aljihunsa, wai don kada in yar. Na jira har inuwar gadar ta tashi daga kaina ta koma kan wani mai tallar agogo. Har yau ruwan bai iso ba.

Wata dattijuwa da ke sayar da abinci a lungun da ke kallon gadar ita ta yafito ni.

"Kai ɗan nan, tun hantsi kake tsaye kamar an dasa ka. Wa kake jira?"

Na gaya mata. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Kwano ta jawo ta zuba mini tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, ta ce, "Ci tukuna. Wanda kake jira halas, ya tafi. Kai ne ba na farko ba."

Hajiya Zara ke nan, mutuniyar Chadi, wadda ta zo aikin haji tun tana goyo ta zauna. Hausarta rabi Larabci ce, kuma duk takari da ke Sharafiyya Inna yake ce mata. Ita ta haɗa ni da wasu samari 'yan Maraɗi da Tawa da ke haya a saman wani tsohon bene, suka matsa mini wurin shimfiɗa tabarma, ba su tambaye ni komai ba sai sunana. Na ce Sa'idu. Wani Idi, ɗan Tawa, ya ce, "To Sa'idu, gobe sai mina, in kana da ƙashin baya." Mina ita ce tashar jiragen ruwa.

Ba cikin tashar muke shiga ba, don marasa iƙama, wato takardar izinin zama, ba su da ƙofa a can. A sito-sito na 'yan kasuwa da ke bayanta muke, muna sauke kaya daga manyan motoci: buhunan shinkafa, tayoyi, firji, katan-katan na sabulu. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba. In aka ce ga motar kame nan tafe, kowa ya watsar da abin da ke kansa ya bi lungu. Na koyi gudu kafin in koyi Larabci.

Kewar gida kuwa ba a zuciya ta fara kama ni ba, a hanci ta fara. Ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari nake nema in rasa. Na bar matata Rabi da ciki, ta haihu ina nan ina dakon taya, aka sa wa yarinyar sunan mahaifiyata, ban san kamanninta ba. Duk ranar Juma'a sai in sayi katin waya in kira gidan maƙwabcinmu, a kira mini Rabi, ta matsa wa jaririyar ƙafa don ta yi kuka in ji. Inna Zara ta ce mu duka biyun ba mu da hankali, sannan ta ƙara mini nama a miya.

Ana nan, wata rana da azahar, na ga wani dattijon Balarabe fari tas, gajere, da farar riga da 'yar hula, yana ta faɗa da mai gadin sito. Wani kwali yake nunawa wanda aka ajiye a filin Allah, rana na dukansa. Ihu yake da murya irin ta wanda ba ya jin kansa: "Shams! Shams!" Wato rana. Na ɗauka magani ne a ciki. Na ruga na sure kwalin zan aza a ka, sai ya ƙara ƙwala ihu, ya nuna mini da hannu in riƙe shi a tsaye, a ƙirji, kamar jariri. Haka na kai masa shi mota. Ya ce in shiga in riƙe masa har gida, zai sallame ni.

Muna kan hanyar Madina na ji wani abu yana ƙas-ƙas a tayar baya ta dama. Na ce da Larabcina na 'yan dako, "Ya Ammi, akwai sauti a baya." Bai ji ba. Na ɗaga murya. Ya tsaya a gefen titi muka duba, sai ga ɗan ƙaramin dutse ya maƙale a zanen taya. Ya cire shi ya ɗora a tafin hannunsa, ya dube shi, ya dube ni.

"Wannan ka ji? Da kwandishan a kunne?"

Na ce na ji.

Muka ci gaba da tafiya har muka wuce filin jirgin sama. Can ya ce, "Ya waladi, ɗana, kana son aiki?"

Gidansa a Abhur yake, kusa da bakin teku, inda masu hali ke da gidajen shan iska. Nasa ƙarami ne, tsoho, da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Sunansa Fu'ad, amma Ammi, wato Baffa, nake ce masa har ya bar duniya. Injiniyan jirgin ruwa ne da ya yi ritaya. Ya yi karatu a Ingila yana saurayi, ya ƙare ƙuruciyarsa a ɗakin injin jirage, kuma ɗakin injin ya cinye masa kunnen hagu gaba ɗaya, ya bar masa rabin na dama. Daga shi sai matarsa Sitti Nafisa, 'ya'yansu duk sun yi aure sun watse.

Da ya buɗe kwalin nan sai na kusa yin dariya. Faya-fayan garmaho ne! Baƙaƙe, manya, irin waɗanda na gani a shagon gyaran rediyon maigidana na Funtuwa ana ɗora kofin shayi a kai. A lokacin ko kaset mutane sun fara yarwa, kowa faifan sidi yake nema. Na ce a raina, ashe a kan wannan tarkacen dattijo yake neman fasa maƙogwaronsa.

Ya ga fuskata. Ya zaro ɗaya ya miƙo mini, ya nuna mini yadda ake riƙewa, da tafin hannu a gefe-gefe, yatsa ba ya taɓa fuskar. Na ji nauyinsa ya fi wanda na sani.

"Wannan ba tsoho ba ne," in ji shi. "Sabo ne fil. Waƙoƙin ne tsofaffi. Akwai wasu mahaukata irina a Turai da Amurka, su suke zuwa su nemo ainihin tef ɗin da aka ɗauki muryar mawaƙi ranar farko, su sake yanka faifan daga jikinsa a hankali, su buga shi da kauri. Abin da mawaƙin ya yi a ɗakin nan, duk yana ciki. Amma in rana ta taɓa shi sai ya lanƙwashe kamar gurasa. Halas."

Yana da ɗaki guda don wannan kawai. Darduma mai kauri, labule har ƙasa, sifiku biyu masu tsayin yaro ɗan firamare, da kujera ɗaya a tsakiya. Ranar ya sa na shigo da ta biyu daga kicin. Waƙoƙin da yake so iri ɗaya ne: mutum ɗaya, namiji ko mace, shi ya tsara waƙarsa, shi yake rerawa, da jita ko fiyano a gabansa, ba hayaniya. Ya ce irinsu ake ji a ɗakunan ɗalibai lokacin yana Ingila.

Ya ɗora allura. Wani mutum ya fara kaɗa jita, na waiga bayana don na rantse a ɗakin yake.

Ammi ya ce, "To, gaya mini abin da kake ji."

Na ce, "Waƙa."

"La, la, la! Waƙa ni ma ina ji. Abin da ke bayan waƙar nake so."

Na rufe ido. Na ce, "Yatsansa yana zamewa a kan tsirkiya, tana ɗan kuka kafin ya danna." Ya buga cinyarsa. Na ce, "Ya ja numfashi yanzu, ta hanci, kamar mai mura." Ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta faɗi. Na ce, "Kujerar da yake zaune a kai ta katako ce, kuma ƙafarta ɗaya ba ta zauna daidai ba."

Aikina ke nan. Da safe in share tsakar gida, in ba shuke-shuke ruwa, in sayo gurasar tamis da wake. In aka yi la'asar sai mu shiga ɗaki, in goge faifai da burushi mai laushi, ya ɗora allura, in riƙa ba shi labarin abin da kuɗinsa ya saya kunnensa ya hana shi. Turancina na ɗan sakandare ne da bai gama ba, ba na kama rabin abin da suke faɗa. Shi yake fassara mini maganar, ni in fassara masa sauran. Da haka na iya Larabci, don dole in nemo kalmar da zan ce muryar mace ta dusashe a ƙarshen baiti, ko in ce mai ganga yana shafa fatar ne ba dukanta yake ba. Sitti Nafisa takan kawo mana shayi da na'ana'a ta ajiye ta fita, tana cewa Allah ya shirye mu.

Ran Juma'a da na je Sharafiyya na ba su labari, Idi ya ce, "Wato kai patiron ɗinka, maigidan nan naka, biyanka yake ka zauna a sanyi ka ji kiɗa? Wallahi Sa'idu uwarka ta yi maka addu'a." Inna Zara ta ce ita ba ta yarda ba sai ta gani, amma tun da na yi ƙiba, ko mene ne in riƙe shi da kyau.

Akwai faifai ɗaya da Ammi ya fi so duk cikin ɗakin, na wata mata mai fiyano. Shi ya fara saya da kuɗinsa a Ingila, ya bi shi jirgi-jirgi, ya ci allura har ya gaji. In an sa shi kamar ana toya ƙosai a bayan matar. Waƙar ƙarshe ta rabuwa ce, mace tana sallamar wanda take so, kuma duk ranar da muka kai wurin sai Ammi ya cire tabarau ya goge. Wurin ne kuma ya fi lalacewa, ni kaina ba na jin komai sai toye-toyen. Da labari ya zo cewa an sake buga wannan faifan, ya yi oda ta hannun wani tsohon abokin aikinsa da ke jirgi, ya shiga jira kamar mai jiran haihuwa.

Kafin kayan su iso ya zame a banɗaki ya karya ƙafa. Aka ɗaure ta da filasta har gwiwa, mota ta gagare shi. Sai ga waya daga sito: kwali ya iso, a zo a ɗauka, su ba su da wurin ajiya mai sanyi. Tsakiyar bazara ce, kuma a makon ana kame sosai a hanyar tasha.

Na ce zan je. Ammi ya ce, "Abadan. Faifai ana sake bugawa, kai ba a sake buga ka." Amma ina kallonsa, ya kasa cin abinci, yana ta leƙen rana ta taga. Na sake cewa zan je, na san lungunan wurin fiye da masu kamen. Sitti Nafisa ce ta raba gardamar. Ta fito da babbar kular da Ammi ke zuwa kamun kifi da ita, ta jera ƙanƙara a ƙasa cikin leda, ta shimfiɗa tawul a kai, ta ce, "In dai za ka je, ka je da hankali. In ka ga abin da ba ka gane ba, yar da kular ka tsira da kanka. Ka ji ni, ya waladi?"

Zuwa lafiya lau. Na karɓi kwalin, na tsayar da shi cikin kula, na cusa tawul gefe-gefe, na hau ƙaramar bas. A dawowa ne, mun kusa fita gari, aka tare mu. Wani askari, wato ɗan sanda, matashi mai ɗan gemu ya leƙo.

"Iƙama."

Kowa ya miƙa tasa. Ya zo kaina. Da kula a cinya ba inda zan ruga, kuma gaskiya ban ma yi niyyar yar da ita ba. Na ce, "Mafi." Wato babu.

"Yalla, sauko."

Ya nuna mini bayan motarsu, buɗaɗɗe, ƙarfen yana tiriri. Ya ce in ajiye kular a gefen titi. Na tuna Rabi, na tuna ban tara abin kirki ba, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ni ka kama ni, ya sidi, na yarda. Amma don Allah kada wannan ta sha rana."

Ya dube ni da zargi. Ya sa na buɗe. Ƙarnin kifi ya buso mu, ya ja baya, sannan ya ɗaga tawul ya zaro faifai ɗaya, ya juya shi gaba da baya. Sai na ga bakinsa ya motsa.

"Ustuwana? A cikin ƙanƙara?" Ustuwana shi ne faifai a bakinsu. Ya kira abokin aikinsa ya nuna masa, suka yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce kakansa a Ɗa'ifa yana da garmaho, rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaro. Ya tambaye ni na wane ne, na ba shi labarin Ammi da ƙafarsa da kunnensa. Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Kai dai kamamme ne, wannan babu canji. Amma amanar dattijo za mu kai masa tukuna." Ya sa ni a gidan gaba, cikin sanyi, da kulata a cinya.

Da Ammi ya ga motar 'yan sanda a ƙofarsa, da sanda ya fito yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana ihu, "Ɗana ne! Ni na aike shi, ni za ku kama!" Askarin ya gaishe shi da ladabi, ya sumbaci kansa, ya zaunar da shi. Suka daɗe suna magana. Ƙarshe aka tsaya a kan cewa Ammi da kansa zai kai ni ofishin da ake mayar da mutane gida, in koma Najeriya, shi kuma ya aiko mini da bizar aiki in dawo da sunansa a matsayin kafilina, wato mai tsaya mini. Askarin ya rubuta lambar Ammi, ya miƙe zai tafi. Ammi ya riƙe masa hannu.

"Wallahi ba ka fita sai ka ji abin da ka ceto."

Aka shigo da kujera daga falo. Na wanke hannuna sosai saboda ƙarnin kifi, na zaro faifan matar nan, na ɗaga shi a haske. Miƙe yake sak, ko alamar lanƙwasa babu. Ammi ya ɗora allura.

Shiru ya fara fitowa, shiru mai tsabta, ba ƙosai. Sannan fiyano. Na riƙa ba shi labari kamar kullum: ga ƙafarta tana taka fedar fiyanon, ga zobenta ya taɓa katako, ga ta matso kusa da makirfo. Askarin ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, shayinsa ya huce bai sha ba. Muka juya faifan. Muka kai waƙar rabuwa, Ammi ya cire tabarau. Ta rera baitin ƙarshe, sautin fiyanon ya yi ta raguwa har ya ɓace. Sai na ji wani abu.

Na ce, "Ammi, dariya ta yi."

"Me?"

"Bayan ta gama. Ƙasa-ƙasa. Ta yi dariya, kuma wani namiji daga nesa ya taya ta."

"Ƙarya kake! Wannan waƙar kuka ce!"

Askarin ya ce, "Wallahi ya Ammi, ni ma na ji."

Ammi ya ce in mayar da allura baya in ƙure murya. Ya sauka daga kujera, ya ja jiki a kan darduma da filastarsa, ya manna kunnen dama a jikin sifika. Baitin ya zo ya wuce. Na ga idanunsa sun buɗe, bakinsa ya buɗe. Ya ce in sake. Na sake. Sai ya kwanta rigingine a kan darduma yana dariya, hawaye na gangara cikin kunnuwansa.

"Shekara talatin da wani abu ina yi wa matar nan kuka, ashe ita dariya take! Nafisa! Ya Nafisa, zo ki ji! Dariya ta yi a ƙarshe!"

Daga bayan labule, saboda baƙo, muryar Sitti Nafisa ta fito a natse.

"Na sani. Tun muna amare nake jin ta, lokacin tsohon bai lalace ba."

"To me ya hana ki gaya mini?"

"Ka taɓa tambayata?"

Askarin ya ƙware da shayin da ya fara kurɓa, sai da na bubbuga masa baya.

Ammi ya cika alkawari. Na yi 'yan kwanaki a wurin da ake tara masu komawa, Inna Zara ta aiko mini da dambun nama ta hannun Idi, aka sa mu a jirgi zuwa Kano. Na iso Funtuwa da damina, ruwa ya dake ni daga tasha har gida, na ƙi raɓewa. 'Yata ta gan ni ta ruga bayan uwarta, sai da aka kwana biyu ta yarda ta karɓi alewa a hannuna. Na yi sabon fasfo, biza ta zo, na koma ta ƙofar gaba, ina tafiya a tsakiyar titi ba waige.

Da na shiga ɗakin faifai, kujerata ta kicin tana nan inda na bar ta. Amma an sa wata a dama da ta Ammi, mai laushi, kuma Sitti Nafisa ce zaune a kai da kofin shayinta.

Ammi ya ce, "Ya Sa'id, ta ƙwace maka aiki. Sai dai ba ta iya ba. In na tambaye ta me take ji, sai ta ce in yi shiru tana sauraro."

Sitti ta nuna mini kujerata. Ta ce, "Zauna, ya waladi, ka riƙa ba shi labarinsa. Amma ƙasa-ƙasa, kada ka dame ni."